Yadda Na Nemo Wa Baba Gasasshen Kifin Teku a Abuja

Bayan an sallamo Baba daga asibiti a ƙarshen watan Nuwamba, abinci ya gagare shi. Tuwo loma biyu, fate cokali uku, kunun gyaɗar da Hajiya ke dama masa ma sai an yi ta lallashi. Wata Lahadi da yamma ina zaune kusa da shi a tsakar gida a Kubwa, sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da zan samu kifin matar nan ta Bar Beach, da na ci." Na ce, "Baba, ai kifi ba zai gagara ba." Ya dube ni ya yi murmushi, bai ƙara komai ba. Ni a raina aikin yini ɗaya ne. Mako uku na kwashe ina abu ɗaya, na kuma zubar da kuɗin da bai kamata in zubar ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi tun daga farko, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Sai an san wane kifi ne wannan kafin a gane dalilin wahalar. Baba ya yi aikin gwamnatin tarayya tun Legas tana babban birni. A sakatariyar Ikoyi yake aiki, muna zaune a Obalende, unguwar da Hausawa ke da yawa. Duk Asabar ɗin da ta biyo bayan albashi yakan kwashe mu a tsohuwar fijonsa mu bi titin Ahmadu Bello har bakin tekun da ake kira Bar Beach. Wurin cin kifin ba gini ba ne. Rumfa ce ta ganyen kwakwa, da benci huɗu ko biyar da ƙafafunsu suka nutse cikin yashi, da rabin ganga da aka tsaga aka cika da gawayi. Mai wurin wata ƙatuwar mata ce mai yawan dariya, tana hango mu za ta fara kiran "Alaji, Alaji!" Kifin yana jere a cikin daro, wanda masunta suka fito da shi da safiyar ranar. Za ka nuna wanda kake so, ta tsattsaga shi sau uku a kowane gefe, ta cusa masa jajjage, ta ɗora a wuta. Kana jira kana kallon manyan jiragen ruwa sun yi layi can nesa suna jiran shiga Apapa, masu dawaki suna zagayawa da yara, 'yan coci masu fararen riguna suna addu'a da kyandir a gefen ruwa ba takalmi. Iska mai gishiri tana manne wa mutum a fuska har ya ji ta a leɓe. In ya gasu sai a kawo shi a babban faranti ɗaya da soyayyar doya da agada, kowa ya sa hannu. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja, ma'aikatarsu Baba ta biyo baya, ina ɗan shekara 11. Yau Bar Beach ɗin ma babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. To wannan kifin dattijo yake nema, a garin da ke da nisan fiye da kilomita 700 daga Legas.

Ƙanwata, wadda ta fi ni natsuwa a irin wannan, ta ce kada in kuskura in shigo da komai gidan sai likita ta amince. Ranar Alhamis ake ganin likitar Baba, don haka na jira kwana huɗu. Na isa da ƙarfe 7:30 na safe da katinsa, da takardar sallama, da ledar magungunansa gaba ɗaya. Lamba ta 23 aka ba ni, na biya naira 5,000 ta ganin likita, ban shiga ba sai bayan 11. Maganar kanta ba ta wuce minti biyar ba. Tambayarta ta farko ita ce ko ya taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ya yi ƙaiƙayi, ko kumburin leɓe, ko sarƙewar numfashi, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar su sam. Na kira Hajiya nan take, ta ce shekara da shekaru ya ci a Legas ba abin da ya same shi. Likita ta ce to a gasa, kada a soya, a rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini, doya kuma kaɗan saboda suga, kifin ya dahu har ciki, kuma kada a ba shi kwanannen. Na ji daɗin da ban ɗauko Baba ba, da ya yi zaman benci na awa uku da rabi a banza. Amma ledar magungunan ta yi amfani, sai da ta zazzage ta ta duba ɗaya bayan ɗaya kafin ta ce komai.

Sai kuma Goggo ta tayar da tata. Da ta ji ana maganar ƙaguwa da jatan lande ta ce ita ba ta yarda waɗannan ƙwarin halal ne ba, abu da ƙafafu kamar kunama. Bayan sallar asuba na tsayar da limamin unguwarmu na tambaye shi. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, ya kawo hadisin da ke cewa teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne, ya ce Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai. Na kawo wa Goggo amsa. Ta ce ta ji, amma ita dai ba da bakinta ba. Kuma har aka gama ba ta taɓa ba.

Kuskurena na farko daga lalaci ya fito. Ina ofis na ga hotunan wani mai sayar da kayan teku a waya, kifi yana ta ƙyalli a kan ƙanƙara, an rubuta cewa kullum ake kawowa daga Legas. Na yi masa magana, ya ce kilo 4 na kifin teku da ake kira kuroka naira 38,000, kuɗin kawowa 4,000, a biya kafin a taso. Ban tambayi inda shagonsa yake ba, ban ce ya turo hoton ainihin kifin da zai ba ni ba, ban nemi rasit ba. Na tura kuɗi da ƙarfe 10 na safe, ya ce kafin azahar kaya na hannuna. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ina kira ana ce mini ɗan aike yana hanya. Sai bayan magariba wani yaro ya iso a babur da baƙar leda ɗaure a bayansa, ba kula, ba ƙanƙara, ruwa yana ɗiga ta gindin ledar. Tun kafin a kwance ta maman yara ta toshe hanci. Ƙarnin kifi daban, wari daban, wannan wari ne. Idanun sun faɗa ciki sun yi fari, na danna yatsa a jikinsa ramin ya zauna bai taso ba, cikin ɗaya ma ya fashe. Biyu daga ciki kuma ko kuroka ba su ba ne. Na kira mutumin, ya ce laifin mai babur ne. Mai babur ya ce shi tun ƙarfe 2 aka ba shi kayan mutum shida ya rarraba daga Lugbe har Gwarinpa. Washegari lambar ta daina shiga. Mun haƙa rami a bayan gida mun binne naira 42,000. Ban gaya wa Baba ba. Maman yara ta ce, "Zuwa da kai ya fi aike," ban tanka mata ba don ba ni da bakin magana.

Wani abokin aikina da ya ji labarin ya yi ta dariya, ya ce mutum yana Abuja yana neman gasasshen kifi bai je barikin Abacha ba? Sunan wurin na hukuma shi ne barikin Mogadishu, yana Asokoro a kan hanyar Keffi, kana wuce mahaɗar AYA, amma kowa tsohon sunan yake kira. Kasuwar mami da ke ciki ce ta yi suna da gashin kifi. Muka tafi ranar Talata bayan tashi daga aiki. A ƙofa sojoji suka sa na buɗe but, suka leƙa cikin mota, suka tambayi inda za mu. Na riƙe katin shaidata a hannu ko da za a nema. Ban ga laifin binciken ba, don duk wanda ya daɗe a garin nan yana tuna bom ɗin da ya tashi a kasuwar ranar 31 ga Disamba 2010. Shawarata kawai, kada ka cika mota da tarkace, kuma in soja yana magana ka ajiye waya.

Cikin kasuwar kuwa hayaƙi ne zai fara tarbar ka. Masu gashi sun jeru a tsakiya, kowace da ragarta da tulin kifi, shaguna da kujerun roba sun kewaye su. Kana shiga za a yi maka ca, kowace tana cewa nata ya fi. Abokina ya ce kada in tsaya a wurin ta farko, mu zagaya tukuna. Kifi iri uku na fi gani: kuroka, ƙarfasa da tarwaɗa. Kuroka ne kaɗai na teku a cikinsu, sauran biyun namu ne na ruwan daɗi, yawanci ma na kiwo. Na zaɓi matsakaici, ta ce 18,000, muka daidaita a 15,000 da soyayyen dankali. Mun jira kusan minti 50. Da aka kawo, da ruwan wanke hannu da yankakken lemon tsami, na ɓare gefe ɗaya na kai baki, sai na tsaya. Ba daidai da na Bar Beach ba ne, amma ɗan'uwansa ne na jini. Naman fari, yana ɓarewa fala-fala, fatar ta ƙone kaɗan a gefe, barkonon ya shiga har ƙashi. Sai dai ina ci ina kallon wurin, na san ba zan kawo Baba nan ba. Ga hayaƙi ga mai tari, ga kiɗa kamar zai fasa kunne, ga teburan da ake shan abin da ba zai so ya zauna kusa da shi ba, ga tafiyar ƙasa daga wurin ajiye mota, shi kuwa gwiwa ta ƙi. In na saya na kai Kubwa kuma, kafin in isa ya huce ya yi gumi a cikin foyil, fatar ta saki.

Na koma wurin matar na gaya mata matsalata da ɗan guntun Turancin kasuwa. Ashe tana jin Hausa sarai, a Kaduna ta girma. Ta ce, "Alhaji, kai ka sayo kifinka, in ba ka yarona ya je gida ya gasa wa Baba." Ta ce ranar Asabar da rana yana da sarari, amma lallai ya dawo kafin ƙarfe 5 don lokacin kasuwa ke buɗewa sosai. Kuɗin aiki 15,000, kuɗin mota 5,000, in ba da rabi yanzu. Wannan karon na yi hankali. Na sa ta kira yaron na gan shi ido da ido, na karɓi lambarsa da tata, na rubuta a waya abin da muka yi yarjejeniya na tura mata ta amsa, sannan na biya. Ita ce kuma ta karanta mini abin da zan tanada: gawayi na itace mai ƙarfi, attaruhu, tattasai, albasa, citta ɗanya, tafarnuwa, masoro, lemon tsami, man gyaɗa. Raga da buroshin shafa mai shi zai zo da su. Ta ce in je Kado, in je da sassafe, in je da kula. Sau biyu ta maimaita maganar kular.

Kasuwar kifi ta Kado tana kan hanyar Life Camp, ba nisa da Jabi da Gwarinpa. Na isa ƙarfe 7 da 'yan mintuna ranar Asabar, na biya 300 na ajiye mota. Kada ka sa takalmin fita kunya, ƙasa a jiƙe take da ruwan ƙanƙara da na wankin kifi. Tun daga bakin ƙofa yara masu baro za su bi ka. Na ɗauki ɗaya, kuma ya yi mini rana, don shi ya nuna mini wane layi ne na masu ɗakin sanyi, wane ne na masu tarwaɗa mai rai a cikin robobi, wane ne na masu banda. A nan na gane abin da ya kamata in sani tun kafin in tura wa wancan mutumin kuɗi. Yawancin kifin teku a Abuja daskararre ne, ba wanda aka kamo jiya ba. Taitus da kote da shawa da fanla yawancinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su a jirgin ruwa, a sauke a Legas, a loda a motoci masu sanyi zuwa nan. Kuroka da barakuda da jatan lande akan samu na ruwanmu, amma su ma a daskare suke isowa. Daskarewar ba aibu ba ce. Aibun shi ne kifin da ya narke aka sake daskarar da shi, sau ɗaya ko sau uku, saboda an ɗauke wuta ko mota ta lalace a hanya.

Wani dattijo mai ɗakin sanyi, da na ce masa na mahaifina ne mara lafiya, ya ajiye abin da yake yi ya koya mini dubawa. Ya ɗauko ɗaya ya ƙwanƙwasa a gefen tebur, ya yi ƙara kamar itace. Ya ce wanda yake lanƙwasawa a hannu ya fara saki. Ya nuna mini ido, ya ce ya zama a cike, ba a lotse ba. Ya sa wuƙa ya ɗaga murfin kunnen, abin da ke ciki ja ne, ya ce in ka ga ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, wuce. Sai ya buɗe wani katan ya nuna mini gindinsa, ya ce in ka ga jini ya daskare a ƙasan leda, ko kifayen sun manne sun zama dunƙule ɗaya da ƙanƙara mai launi, to ya taɓa narkewa. Ya ce katan ya fi araha a kan kowane kilo, amma ba ka zaɓe, abin da ka tarar a ciki shi ne naka, manya da ƙanana. Mu mutum 15 ne, ba na bukatar katan guda. Na zaɓi kuroka 12 masu kusan girma ɗaya da hannuna, don su gasu lokaci guda. Ya ce kilo 7,500, muka tsaya a 7,000. Kafin a ɗora na duba sikeli yana kan sifili, na kuma sa aka kakkaɓe ƙanƙarar da ke jikinsu, don ita ma nauyi ce kuma kuɗin kifi za ka biya ta. Kilo 10 cif, 70,000. A wani shagon na sayi jatan lande manya kilo 2 a 36,000, da ƙaguwa ta 6,000, wadda daga baya na gane kwaɗayin ido ne kawai.

Biyan kuɗin ne ya ci mini lokaci. Na tura ta waya, an cire a wurina, alat bai shigo masa ba. Muka tsaya muna kallon waya minti 25, kifi yana kan tebur rana tana ɗagowa. Dattijon ya sa aka mayar da shi firiza har kuɗin suka faɗo, Allah ya saka masa. Ya rubuta mini rasit da hannu, da adadin kilo da lambar shago, na ajiye. Da na zo da tsabar kuɗi ko rabin abin da zan kashe, da ban yi wannan tsayuwar ba, kuma ƙananan biya kamar na mai baro da masu gyara duk tsaba suke so. Daga nan sai wurin masu gyara, mata da samari a zaune da wuƙaƙe da katako. Naira 200 kowane kifi, na ba da 2,500. A nan ka tsaya a kansu ka faɗi abin da kake so, in ba haka ba kafin ka juya an yanka maka shi gunduwa-gunduwa na miya. Na ce a kankare ɓawo, a cire kayan ciki da abin cikin kunne, a bar kai da jela, kada a tsaga jiki, mai gashi zai yi da kansa. Na roƙi a kula da matsarmama, don in ta fashe a ciki ɗaci ya gama da kifin. Na sayi ƙanƙara bulo biyu a 2,000, aka farfasa, muka shimfiɗa a ƙasan kula, kifi a tsakiya, wata ƙanƙarar a sama. Ƙarfe 9:30 na fito. Wanda ya zo a lokacin da nake fita sai dai ya ɗauki abin da aka tsince aka bari.

A gida muka tarar an ɗauke wuta, don haka kular ce ta zama firjinmu, ba mu fito da kifin ba sai da aka tashi aiki. Maman yara da ƙanwata suka jajjaga kayan a turmi, ba a injin markaɗe ba, don matar bariki ta ce in ya yi laushi da ruwa zuba zai yi a wuta. An raba jajjagen gida biyu, na Baba ba dunƙule, gishiri ɗan kaɗan, aka ƙara masa citta da lemon tsami don ya samu ɗanɗano. Mai gashi ya ce ƙarfe 12 zai iso. Ƙarfe 1 bai zo ba. Na kira, ya ce yana cikin cunkoson Nyanya, daga Mararaba ya taso. Laifina ne, ban taɓa tambayar inda yake kwana ba, na ɗauka a barikin yake. Duk wanda ya san wannan hanyar ya san ba a yi mata alkawarin lokaci. Cikina ya ɗuri ruwa, don Baba tun safe ya sa aka fito masa da kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya sa farar jallabiya, yana tambayar jikoki ko mai kifin ya zo. Na hura gawayin da kaina don a rage aiki. Ƙarfe 1:40 yaron ya shigo da raga a kafaɗa yana ba da haƙuri.

Da ya fara aiki na ga bambancin mai sana'a da mai sha'awa. Abu na farko, ya watsa gawayin da na tara, ya ce wutar ta yi yawa, a jira harshen ya mutu garwashi ya yi fari. Ya goge kowane kifi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ya ce jiƙaƙƙen kifi manne wa raga yake yi. Ya tsaga sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, daidai yadda matar Bar Beach take yi, ya cusa jajjage da yatsa a cikin tsagar da cikin ciki da cikin kai. Ya shafa wa ragar mai da rabin albasa. Da ya jera su bai sake taɓawa ba kusan minti 12. Ni ina ta ƙaiƙayin a juya, ya ce, "Oga, bar shi, in ya yi da kansa zai saki ƙarfen." Haka kuwa aka yi. Sau ɗaya ya juya kowanne, yana shafa mai da barkono da buroshi, yana fifita da guntun kwali. Jatan landen ya bari sai ƙarshe, minti kaɗan, suna yin ja suka lanƙwashe ya kwashe, ya ce in suka wuce haka roba za a tauna. Kafin ya sauke na Baba ya buɗa wurin da ya fi kauri kusa da kai ya nuna mini, naman ya yi fari har ƙashi, ba sauran ja.

Hajiya ta shimfiɗa tabarma, aka kawo babban tire ɗaya kamar da. Ta zauna gefensa tana cire masa ƙaya, ya ture hannunta ya ce shi ya koya mata cin kifi. Ya fara da kumatun, wannan ɗan naman da ke ƙasan ido, wanda tun muna yara ba ya bar wa kowa. Ba wanda ya yi magana. Ya cinye gefe ɗaya, ya ɗaga ƙashin tsakiya a hankali ya ajiye, ya shiga ɗaya gefen. Doya yanka biyu, jatan lande uku. Rabon da ya ci abinci haka tun kafin ya kwanta asibiti. Ƙanwata ta tashi ta shiga ɗaki, na san kuka ta je yi. Da ya wanke hannu na ce, "Baba, ya yi kama da na can?" Ya ce, "Ya yi. Abu ɗaya ne babu." Na ce mene ne. Ya ce, "Yashi. Na matar nan ba ka gamawa ba ka tauna yashi ba." Ya yi ta dariya har da tari. Daga nan ya ɓalle da labarin Legas, yadda teku ke ambaliya ta rufe titin Ahmadu Bello, da yadda ake cika bakin ruwan ana kallon harbin 'yan fashi a shekarun 1970, abin da ya ce sau ɗaya ya je bai sake ba. Jikoki suka zagaye shi har aka kira la'asar.

Da dare na zauna na yi lissafi. Kayan teku 112,000, gyara da ƙanƙara da ajiye mota kusan 5,000, gawayi 4,000, kayan jajjage da mai 9,000, doya da agada 12,000, mai gashi 20,000. Wajen 162,000 ke nan na ciyar da mutum 15. In aka haɗa da 42,000 da na binne, da 15,000 na ɗanɗano a bariki, da 5,000 na likita, an haura 220,000. Farashin nan na lokacin da na saya ne, kuma kayan da ake shigowa da su suna bin dala, don haka ka tambaya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Da zan sake daga farko, da tsarin zan juya. In mara lafiya ne ko tsoho, likita tukuna. Sannan mai gashi, ka san inda yake kwana, ka ba shi lokacin da ya riga wanda kake bukata da awa biyu. Kifi shi ne na ƙarshe, a ranar da za a ci, da idonka da hancinka da kularka. Kada ka biya kuɗin kifin da ba ka gani ba, komai kyan hoto. Ƙaguwa kuma ka bar ta sai in akwai wanda ya iya ɓare ta a gidan. Tamu yara suka yi wasa da ƙafafun, sauran maƙwabcinmu ɗan Kalaba ya karɓa da murna. Kilo 10 ma ya yi mana yawa kaɗan, don ko da yake bayan an gyara ya ragu sosai, yara biyu suna raba ɗaya, kifi 9 ya isa. Kawunan da suka rage Hajiya ta yi mana farfesu da daddare, ban da Baba, saboda maganar likita.

Yanzu duk Asabar ɗin ƙarshen wata nakan biya Kado da ƙarfe 7, in ɗauki kuroka biyu a wurin dattijon nan, ba ya wuce 14,000 zuwa 16,000. Wani mai walda a Kubwa ya tsaga mini ganga ya sa mata ƙafafu da raga. Ni nake gasawa. Na farko ya manne ya farfashe, na biyu ya ƙone ta waje cikinsa ɗanye, sai a na uku na iya haƙurin barin sa ya saki ƙarfen da kansa. Baba yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana ba da umarni, wai wutata ta cika yawa.